Jar Mota da Bangon Zaurenmu

Jiya wani ɗan acaɓa ya wuce ni a hanyar Japoma, ya bar min warin fetur a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Nan take na tsinci kaina a tsakar gidanmu na unguwar New Bell a Douala, ina 'yar shekara goma sha ɗaya, ruwa ya kawo min idon sawu.

Sai na fara gaya maka yadda zaurenmu yake, in ba haka ba labarin ba zai shige ka ba. Mahaifin kakana ne ya gina shi da bulo, a zamanin da maƙwabta duk gidajen katako gare su. Ƙofofinsa biyu masu faɗi ne, don amalanke ya wuce da huhun goro, amma ba sa kallon juna. Ta waje tana dama, ta ciki tana can hagu, yadda mai wucewa a titi ba zai hango matan gida ba. A nan kakana, Alhaji, yake zama da kayan dukancinsa, yana ɗinka fata.

Babana kuwa akawu ne a wani kamfanin jiragen ruwa. Ya yi makarantar Faransa, kuma ya yarda da tef ɗin awo fiye da yadda ya yarda da mutane. Shi ya gano wata tsohuwar mota a ƙarƙashin wani mangwaro, inda wani Bature ya yasar da ita: kujera biyu, ba rufi, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. Gunduwa-gunduwa ta shigo gidanmu. Injin a amalanke, ƙofofi a ka, gangar jikin kuma maza takwas suka shigo da ita a kaikaice.

A ranar, kakata Iya ta leƙo daga ɗakinta ta ce, “To, ta shigo. Ta ina za ta fita?”

Baba ya ja tef, ya auna ƙofar ciki, ya auna ta waje, ya nuna mata rarar yatsu huɗu ta kowane gefe. “C'est calculé, Iya. An lissafa.”

Iya ta ce, “To,” ta saki labule.

Shekara uku aka yi ana gyaranta. Baba kan dawo daga ofis, ya rataye laktaye a igiyar shanya, ya hau kankare tsatsa. Tsatsar Douala kuwa ba ta hutun Lahadi. Abin da ka goge yau, jibi ya yi ja. Aka yi wa ƙasan motar walda, aka cike lotsattsun wurare, aka fesa mata jan fenti har kana ganin haƙoranka a jiki. Injin aikin Kawu ne, ƙanin Innata, makanike. Ya baje shi a kan farantan Inna, ya yi ta haye gada zuwa kasuwar Grand Hangar neman wani ɗan ƙarfe da bai fi yatsa ba. Ranar da injin ya fara tari, kajin gida ba su dawo ba sai magariba.

Kujerun ne suka kusa raba ɗa da uba. Baba ya sayo ledar roba mai kama da fata. Alhaji ya shinshina ta ya ce, “A gidan baduku?” Bai ƙara ba. Ya aika arewa aka kawo jar fatar akuya, ya shafe wata biyar yana ɗinki da idon da ya fara gazawa. Ni yakan ce wa, “Amarya, a wannan zan kai ki ɗaki.”

Mako biyu da gamawa, ruwan Agusta ya sauko, kwana uku bai ɗauke ba. A rana ta uku bayan azahar lambatun bayan gida ya ɓalle. Tsakar gidanmu kwari ce. Kafin a kwashe tabarmi, ruwa ya kai rabin taya. Baba ya tayar da motar zai kai ta tudun masallaci. Hancinta ya shige ƙofar ciki lafiya lau, da yatsu huɗunsa cif. Sai ga bango a gabansa.

Ya ja baya, ya karya sitiyari, ya dawo. Muka ji fenti ya yi ƙara a jikin bulo. Ya sake. Ƙarar ta fi ta farko, injin kuma ya mutu.

Kawu ya ce, “Akawu, mota ba ta lanƙwasa kafaɗa kamar mutum.”

Shekara arba'in Baba yana karkata jiki a zauren nan, safe da yamma, bai taɓa sanin yana yi ba. Ya auna ƙofofi biyu, bai auna abin da ke tsakaninsu ba.

A sake warware ta? Kawu ya ce aikin kwana uku ne, ruwan kuwa kafin la'asar zai shiga injin. Hanya ɗaya ta rage, kowa ya gan ta, ba wanda ya iya faɗa: a fasa bangon waje daidai saitin ƙofar ciki. Baba ya fito, ya durƙusa a cikin ruwa da wandon ofis. “Alhaji…” Maganar ta tsaya nan.

Alhaji ya ce, “Ubana ya ɗora bulon nan da hannunsa. Ba don kansa ya yi ba, ba kuma don ni ba. Kana so in buɗe iyalina ga titi saboda ƙarfe?”

Ruwa na dukan kwano kamar ana zuba tsakuwa. Na ga wani silifa ya taso daga ɗakin girki yana yawo. Ruwan ya tsallaka dokin ƙofar motar, ya fara lasar gindin kujera. Alhaji na kallon ɗinkinsa, amma bai janye maganarsa ba.

Sai ga Iya ta ratso ruwa, zani a ɗage, taɓarya a hannu. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa tsayawa a zaure da rana maza na ciki ba.

“Alhaji, don wa aka yi bangon?”

“Don ku.”

“To mun gode, ya yi aikinsa. Wata biyar ina zura maka zare a allura saboda kujerun nan, ba zan tsaya su ruɓe ina kallo ba.”

Ta kai wa bangon duka. Ko ƙura bai yi ba. Amma Alhaji ya daɗe yana kallonta, sannan ya tashi ya naɗe buzunsa, ya ce wa Kawu, “Ku tokare rufin tukuna, kada ya faɗo mata.” Har yau ban san Iya yake nufi ba ko motar.

Maƙwabta suka zo da guduma. Da bulon ƙarshe ya faɗi, maza suka ja ta gaba, mata suka turo ta baya, har motar ta hau titi tana zubar da ruwa. Matan suka yi cirko-cirko a bakin ɓarakar. Iya ta dubi titin sama da ƙasa ta ce, “Ashe wannan ne duka?”

Ba a sake gina bangon ba, ƙyauren ƙarfe aka sa. Motar ta yi shekaru tana kai Alhaji masallacin Juma'a, kafin Baba ya sayar wa wani mai tara irinsu. Kalmar nan tasa ta Faransanci kuwa ban ƙara jin ta a bakinsa ba. Yau zauren shagon cajin waya ne, daga titi kana hango tukunyar da ke kan wuta, ba kuma wanda ya damu.

Amma har Alhaji ya rasu, in zai shiga gida, ta tsohuwar ƙofar dama yake bi, ya karya hagu, ga hanya miƙaƙƙiya a buɗe. Muna yara muna yi masa dariya. Makon jiya na je gaida Inna, ina shiga zauren sai mai shagon ya tambaye ni me nake kaucewa.