Safar Hannun da Na Saya wa Inna

A lokacin da abin nan ya faru ni ma'aikaci ne a Azare, ina ganin babu wanda ya kai ni wayewa a gidanmu. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana zaune a Udubo, kuma ni ne ɗanta na fari. Mace ce da ba ta iya zama ba, ita ke tatsar shanunta, ita ke dama furarta. Wata safiya aka kira ni a waya cewa ta faɗi a bakin turke, bakinta ya karkace. A asibiti aka ce hawan jini ne ya shanye mata ɓarin jiki na dama.

Da aka sallame mu sai na riƙe ta a gidana. Ƙafar ta soma dawowa, hannun kuwa ya dunƙule. Ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi ta ce mu riƙa kawo ta sau biyu a mako, a gida kuma mu bar ta ta riƙa gwada abu da kanta, ko da tsintar wake ce daga faranti zuwa kwano. Ban ɗauki maganar da daraja ba, ga shi layin asibiti yana cinye mini rabin yini. Ana haka na ga tallar wata safar hannu a waya, mai ɗan inji da ke hura iska, yana buɗe yatsu yana rufewa. Na sa aka kawo mini ba tare da na shawarci kowa ba. Ranar da na sa mata muka ga yatsun suna miƙewa, matata har ta yi ƙwalla. Daga ranar na daina kai Inna gashi. Sau ɗaya ta tambayi yaushe za mu koma wurin yarinyar nan ta asibiti, na ce mata ai injin ya fi. Na ƙure ƙarfinsa, na ninka lokacin, wai don ta warke da wuri. Takan cije leɓe, in na tambaya ta ce ba komai, Allah ya yi albarka. Abinci ma a baki muke ba ta, muna ganin gata ne.

Wajen wata huɗu, matata tana yi mata wanka ta ga wuyan hannun ya kumbura, kafaɗar kuma ta ƙi ɗaguwa. A nan Inna ta gaya mata cewa tun farkon zuwan injin take jin zafi, kunyar ɗan fari ce ta hana ta faɗa mini, kuma ba ta son in ga kamar ta raina ƙoƙarina. Da muka koma asibiti ma'aikaciyar ba ta yi mini faɗa ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ta ce safar ba aibu ba ce, amma sai an duba maras lafiya an daidaita masa, kuma dole shi ma ya riƙa yunƙurin motsa hannun. Inna kuwa kallo kawai take yi inji yana aiki, gwiwar hannu da kafaɗa kuma ba mai taɓa su har suka ƙandare. Ta ce watannin farko su ne hannu ya fi saurin amsawa, su ne kuma muka bari suka wuce.

Mun dage da gashi, yanzu tana iya tallabe kofi, amma da hagu take komai. Ba ta taɓa ɗora mini laifi ba, ni dai na san abin da na yi: sauƙin kaina na nema, na kira shi kulawa. Duk wanda Allah ya jarrabi nasa da wannan ciwo, kada ya sa masa wata na'ura sai ya nuna wa masu gashi, kada kuma ya bar zuwa asibiti saboda ita. In tsohuwarka ta ce maka ba komai, kada ka tashi, zauna ka sake tambayarta.