Sit Ni'imat da Kwalbar Yayana

Kafin ƙarfe bakwai Sit Ni'imat, wato Uwargida Ni'imat a bakin mutanenmu, ta sauka daga ƙaramar bas a ƙofar cibiyar masu ciwon hanta, da jakarta mai burodi da cuku, da takalmin nan nata na roba wanda tun da na san ta ban ga ta sake shi ba. Mutanen da suka baro ƙauyukansu tun asuba sai su taso mata daga gindin katanga. Ba ta da doguwar gaisuwa. Tana ratsa su tana duban idanunsu, tana jefa magana: "Baffa, ka karya kuwa? Hajiya, wannan ƙafar jiya ba haka take ba, ki fara shiga." Daga nan ta haye bene ta buɗe tagarta, ta ajiye butar ruwa da kofi.

A tagar nan na ga magidanta masu gashin baki, da limamai, har da wani tsohon ɗan sanda da garinmu duka ke tsoro, suna hangame baki kamar 'yan aji ɗaya. Ita za ta ɓalle murfin kwalba da hannunta, ta miƙa ƙwaya ɗaya da ruwa, ta ce, "Haɗiye. Buɗe baki. Ɗaga harshe." Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki bayan shekara talatin da wani abu tana jinya, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Sunana Suhair, tsohuwar malamar firamare ce ni, kuma duk wanda ya bi ta ajina zai gaya muku yabo ba ya yi mini sauƙin fita.

Ciwon hanta nau'in C, wanda mu nan "cutar" kawai muke ce masa, kusan babu gidan da bai shiga ba a ƙauyukanmu na bakin kogi. Yawancinmu tun muna yara muka kwasa, lokacin da ake jera mu ana yi mana allurar tsargiya da sirinjin gilas guda, daga wannan hannu zuwa wancan. Ni da tsohon magani aka yi mini jinya, allurar nan ta mako-mako da ake yi kusan shekara. Kada Allah ya maimaita. Zazzaɓi, karkarwa, gashina ya zube, ga baƙar zuciya. Na taɓa jifan mijina da murfin tukunya don kawai ya ce miyar lalo ba ta ji gishiri ba. Bawan Allah ya sunkuya ya ɗauko mini murfin, domin tun ranar farko Sit Ni'imat ta ja shi gefe ta ce, "Duk abin da za ta yi maka, allurar ce. In ka sake ta a watannin nan, ni da kai ne."

Sai sabon magani ya zo, ƙwaya rawaya guda a rana, aka ce tana warkarwa. Muka ji farashi muka kama baki. A Amurka dala dubu ake sayar da ƙwaya ɗaya, ɗaya tak. A kantin magani na nan kuwa kwalbar wata guda ta kusa fam dubu goma sha biyar na kuɗin ƙasarmu, kuɗin ɓaunar gida da muke tatsa kamar saniya ke nan sukutum. Gwamnati ta samo shi da rahusa tana bayarwa a cibiyoyi, amma bai isa kowa ba, sai aka ce a fara da waɗanda hantarsu ta fi lalacewa. Don kada a sayar, aka sa doka: a ɓalle murfi a gabanka, ka sha ta farko a wurin, ka dawo da kwalbar ba komai ciki kafin a ba ka wata. Wanda aka kama ya karkatar da ita, an cire shi ke nan.

Yayana Shahata manomin shinkafa ne, shi ya bar makaranta don ni in yi. Shi da matarsa Nabawiyya duk suna da cutar. Da aka gwada su, aka ce hantarsa ta ƙanƙance, ba ta da sauran jira, aka ɗauke shi. Ita aka ce tata da sauƙi, ta jira. Aka rubuta masa magani na wata shida, ƙwaya rawayar nan da wasu ƙanana masu raka ta safe da yamma, waɗanda aka auna da nauyin jikinsa. Ƙananan nan su ne masu wahalarwa, suna rage jini, su kawo haki da ƙaiƙayi da rashin barci.

Ranar karɓar kwalba ta uku na raka shi. Nabawiyya ma ta biyo mu karo na farko, wai za ta sayi yadi a gari. Yaya ya haye benen nan bai tsaya ba, ya kai taga, ya miƙa kwalbarsa wayam.

Sit Ni'imat ta ce, "Baffa Shahata, ya jikin? Maganin bai dame ka ba?"

Ya ce, "Ai sai godiya. Ga haki, ga ƙaiƙayi, ga rashin barci." Ya jero su tiryan-tiryan kamar yaron da ya haddace karatu a hanya.

Ta ce, "Ina ne yake maka ƙaiƙayin?"

Ya ce, "Ko'ina ma."

Ta dubi damatsansa, babu ko shatin farce. Sai ta leƙa ta bayansa. Can a tsakiyar matakalar bene Nabawiyya ta zauna tana numfashi sama-sama, tana sosa hannu, leɓenta fari fat. Ni da nake ganinta kullum na ɗauka gajiyar dashen shinkafa ce. Sit Ni'imat ta rufe taga ta sauko, ta durƙusa gabanta, ta ja fatar idonta ƙasa ta duba.

"'Yar'uwa, wane magani kike sha?"

"Namu mana. Wanda likita ya ba mu."

"Ya ba ku?"

"E, ni da maigidan. Nawa rawaya ne da 'yan ƙanana, nasa fari. Ya ce na maza daban ne."

Wallahi sai a lokacin na gane. Farin nasa maganin ciwon kai ne na kantin ƙauye. Wata biyu cur mutumin nan yana shan ƙwaya ɗaya a taga, ya kai wa matarsa sauran, ita kuma, da ba ta kai rabin jikinsa ba, tana shan awon ƙato.

Sit Ni'imat ba ta ɗaga murya a gaban jama'a ba. Ta tura mu wani ɗan ɗaki ta ja ƙofa. Nabawiyya ce ta fara magana, da ta gane. Matar da ban taɓa jin ta kira sunan mijinta ba ta dube shi ta ce, "Shahata, ɓarauniya ka mai da ni? Kullum safe kana miƙo mini ranka ina korawa da shayi, har ina ce maka na gode?"

Ya sunkuyar da kai. "Ni na sa miki cutar. Yaya zan warke a gabanki?"

Sit Ni'imat ta ce, "Wa ya gaya maka kai ka sa mata? 'Yar'uwa, an yi miki allurar tsargiya kina yarinya?"

"An yi. Layi ɗaya ma muke bi da ƙanwarsa."

"To ka ji. Kai da ko gashin baki ba ka fara ba a lokacin. Ka ɗora wa kanka laifin da ba naka ba, ka kusa tsotse wa matarka jini, hantarka kuma tana nan tana ci gaba da ƙonewa. Sannu da dabara, Baffa."

Ni ce na kama hannunta na ce, "Sit Ni'imat, don Allah ki rufa mana asiri. In likita ya ji, cire shi zai yi, ba mu da fam dubu goma sha biyar ko na wata ɗaya."

Ta zare hannunta a hankali. "Malama, in na rufa, wa zai auna jinin matar nan? Ƙarya ba za ta yi masa magani ba. Ku zauna nan."

Ta shiga wurin likita, mu muna jiyo muryoyi ta bango. Ba zan zalunci matashin likitan nan ba, yana da gaskiyarsa. Ya ce dubban mutane na jira, kwalba biyun da aka ɓatar rabon wani ne da wataƙila ya riga ya mutu a layi, kuma wanda ya yi sau ɗaya zai sake. Sai muka ji ta ce, "Ba zai sake ba, domin kwalbar ba za ta kwana a gidansa ba. A jakata za ta zauna. In ƙwaya ɗaya ta ɓata, ka rubuta sunana, ba nasa ba." Da likitan ya fito, ya tsayar wa Nabawiyya maganin nan take, ya tura ta gwajin jini. Ya ce zai kai maganar Yaya gaban manyansa, in an yarda a sake masa daga farko, a kan sharaɗin Sit Ni'imat. Aka yarda.

Ga abin da sharaɗin ya ci mata. Gidanta a cikin gari yake, motarta ba ta bi ta ƙauyenmu. Wata shida ta yi tana fitowa da wuri, ta hau motar da ke zuwa gadar garinmu, ta tarar da Yaya a tsaye da kofin ruwa, ta ba shi na safe, ta duba ƙarƙashin harshe, ta danƙa wa Nabawiyya ƙananan na yamma, sannan ta tsallaka titi ta jira motar komawa. Har Juma'a, har ranar Salla. Kuɗin mota daga albashinta, mun kuma san albashin mai jinya. Na kai mata agwagwa ta dawo mini da ita, ta ce sai an gama.

Da maganin ya shige shi da gaske, Yaya ya gane karatu. Ya sosa jiki har ya yi jini, barci ya ƙaura, in ya ɗauki buhu sai ya zauna. Wata safiya ya ce mini, "Suhair, ashe haka baiwar Allah nan ta sha, ba ta taɓa gaya mini ba." Washegari bai zo gada ba.

Direban bas ne ya ba ni labarin abin da ya biyo baya, sauran kuma maƙwabtan gona suka cika. Sit Ni'imat ta ce wa direba ya tafi. Ta bi gefen magudanar ruwa har gonar, ta tattare farar rigarta ta shiga taɓo, ta same shi a tsakiyar shinkafa. Ya ce ba zai ƙara sha ba sai an ba matarsa nata.

Ta ce, "Ba zan yi maka alkawarin rana ba, ba a hannuna take ba. Amma tana tafe. Ranar da aka kira Nabawiyya, wa zai riƙe mata hannu a benen nan? Ni zan yi mata mijin?"

Ya ce, "Ke dai baki gare ki, Sit."

Ta ce, "Kai ma kana da shi. Buɗe."

Ya buɗe. Ta isa wurin aiki a makare, da taɓo har gwiwa, aka yanke mata albashin yinin.

Ranar ta zo kuwa. Aka fara yin maganin a ƙasar nan, farashi ya faɗo warwas, aka kira masu jira. Nabawiyya ta samu wani haɗi mai sauƙi na wata uku, ba ƙananan nan, ɗan ciwon kai da kasala kawai ta yi. Yaya ne ya riƙa raka ta, yana zaunar da ita a tsakiyar bene ko ba ta gaji ba. Su biyun an gwada, cutar ta fita. Tabon hantarsa dai yana nan, ana duba shi lokaci-lokaci, amma ya aurar da 'ya'yansa mata da hannunsa.

Sit Ni'imat, ke ce kika kalli matar da ke zaune a bene, alhali ba sunanta aka kira ba. Ke ce kika ƙi yi mana ƙaryar da na roƙe ki, na kuma ji haushinki ranar, ban ɓoye ba. Uwar masu layi, mun gode. Allah ya ba ki lafiyar da kika nema wa mutane, ya sa ƙafafun nan su huta. Ku kuma 'yan matan da za ku gaji tagar, magani yanzu ya yi araha, ba a ma neman kwalbar da ta ƙare. Amma har gobe akwai mai ce muku yana sha alhali ba ya sha, akwai mai wahala da ba za ta faɗa ba. Ku riƙa ɗaga kai kuna duban wanda ya rako mara lafiya.

Makon jiya Yaya ya ji labarin ritayar. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a, Nabawiyya ta rungumo agwagwa, muka tafi tare. Bai yi mata sallama ba. Layi ya bi kamar kowa, har ya kai taga. Ta ɗago kai, sai ga tsoho mai furfura ya hangame baki, ya ɗaga harshe, ya tsaya yana jira.

Ta gyara tabarau ta leƙa sosai, kamar yadda ta saba.

"Wuce, Baffa Shahata," in ji ta. "Ka gama."

Sai ta juya wa layin baya ta daɗe tana goge fuska da gefen mayafi. Agwagwar kuwa wannan karon ta karɓa.