Kafintan da Ya Yanka Nasa

Tun da sassafe yake buɗe rumfarsa ta bakin kogi, ya share ƙurar jiya, ya jijjiga gwangwanin gam ya ji ko ya daskare. Har yau Kafinta ake kiransa, ko da yake rabonsa da ƙusa shekara talatin ke nan. Kwalekwalen faiba yake yi, wato irin mai kama da roba mai tauri. Sai ya kife tsohon kwalekwale, ya shafe bayansa da kaki, ya shimfiɗa ƙyallen faiba ya bi shi da gam. In ya bushe, a ɗaga sabo a bar tsoho. A bana ƙirjinsa ya gaji da warin gam, ya ce ya ajiye aiki.

Waɗanda ke wurin ba su manta ranar da sabo ya ƙi rabuwa da tsoho ba. Kwalekwalen na wani dattijo ne mai fito, shi ke nan gare shi, da shi yake ƙetarar da mutane. Da ƙyar ya ba da aronsa na kwana huɗu.

Kafinta ya cusa siraran katako ta baki, ya ɗura ruwa, mutum shida suka ɗaga. Ko motsi. A nan Kafinta ya tuna: ya shafa kaki sau biyar, amma ya manta bai cike tsagar da ke gindin kwalekwalen da laka ba. Gam ya shige ya kama itace.

"Kafinta," in ji dattijon, "kwalekwalena fa?"

"Yana nan, Baba."

"Ai na ga yana nan. Zai fito?"

Wani ya ce a sa ƙarfe a ɓamɓare, in ya so tsohon ya tsage, dama ya sha jiki. Dattijon ya zauna a ƙasa. A can gaɓa kuwa mutane sun fara taruwa da kayansu.

Kafinta ya ɗauki zarto. Ya ɗora shi a kan sabon, aikin da ya hana shi miƙe baya kwana huɗu, ya raba shi gida biyu, a hankali, yana tsayawa yana shafawa da yatsa kada haƙori ya taɓa itacen. Sauran ya kankare da wuƙa.

Kafinta, kai ne ka yi kuskure, kai ne kuma ka ƙi bari wani ya ɗauke maka shi. Mun gode, gwanin rumfa, Allah ya ba ƙirjin nan lafiya. Masu sana'a, duk wanda aka ba shi amanar kayan wani, ya dubi mutumin nan.

A ranar, kafin la'asar, dattijon ya tura kwalekwalensa ruwa cike da mutane. Kafinta na tsaye tsakanin ɓari biyu na nasa, yana ɗaga musu hannu.