Randar abokina

Shekarun baya, kafin a kafa dogon ƙarfen shabaka, wato sabis ɗin waya, kusa da garinmu a kudu da Hajj Abdalla, nan Sudan, gida ɗaya ne kiran intanet yake fita tas a duk unguwarmu, gidan abokina. A gidan ma wuri ɗaya: gindin randar ruwansa, ta ɓangaren tur'a, magudanar ruwan da muke noma da shi.

Tare muka yi karatun allo da shi, ni nake gyara masa baƙi. Hawasharmu ma, wato gonakinmu, iyaka ɗaya. Amma sai ga shi mata da tsofaffi suna layi a tsakar gidansa don su ga fuskar 'ya'yansu da ke Saudiyya, ana ta shi masa albarka. Ni kuwa in ɗana ya kira daga Madina, muryarsa sai ka ce mai magana cikin tulu, fuskarsa ta daskare baki buɗe.

Matata takan ce, "Malam, mu je gidan Alhaji mana, taku nawa ne?"

Ni kuma in ce, "Shabakar gadonsa ce? Ta Allah ce, za ta iso mu."

Gaskiyar magana, kishi ne ya hana ni. Har randa na saya na kafa a irin kusurwar tasa. Ruwa dai ya yi sanyi.

Wata Laraba da hantsi saƙo ya shigo: matar ɗana ta sauka, namiji, jikana na fari. Ɗana ya ce ba wanda zai yi wa yaron kiran salla a kunne sai ni, zai kanga masa wayar. Na tattare jallabiya na hau kan rumfar kara, ina ɗaga waya sama. Na ce "Allahu akbar", kira ya yanke. Na sake, ya yanke. A na uku ƙafata ta burma cikin kara har gwiwa, akuyoyi suka watse.

Ina nan maƙale sai ga abokina ya shigo yana haki.

"Ya zol, mutumina, mi kake yi bisa rumfa?"

"Iska nake sha."

"To sauko. Ɗanka ya kira ni, ya ce tunda taka ta ƙi, in yi wa yaron. Na ce masa kakansa na da rai. Suna jira."

Da ya ce ya riga ya yi, da na sami abin riƙewa a kansa shekara goma. Sai ya bar ni da kunya tsagwaronta. Na bi shi ina ɗingishi, na durƙusa gindin randar nan da na daɗe ina harara, na ga ɗan kunne ja kamar karkade, wato zoɓo. Na yi kiran salla har ƙarshe, ko harafi bai faɗi ba. 

Ranar na gane mai hassada kansa yake rufe wa ƙofa. Na nemi gafarar Allah, na nemi ta abokina, ya ce sai dai in dafa masa jabana, gahawar nan tamu.

Yanzu shabaka ta wadata, ina kira daga kan tabarmata. Sai dai duk sanda yaron ya karɓi waya, kafin ya gaishe ni sai ya ce, "Ina Kaka mai randa?" Nakan ce yana lafiya, sannan in yi istigfari a hankali.