Bakan da Kaka Bai Ja Ba

A daminar shekarar da na shiga aji huɗu, wata ranar Alhamis bayan an ɗauke ruwa, na dawo daga makaranta riƙe da takalmana saboda taɓo, na tarar da kakana a zaure ya ɗora wani dogon icce a kan gwiwoyinsa yana kankare shi da fasasshiyar kwalba. Ɓarɓashin iccen duk ya maƙale masa a gemu. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Uwargida, kin dawo hannu wohi? To yau sakinki nika yi." Na ce ya sake ni ɗin, mu ga wanda zai riƙa ɗauko masa man kaɗe. Haka muke da shi kullum, ni ce babbar jikarsa mace, kuma bakina bai taɓa mutuwa ba.

Gidanmu yana cikin tsohon gari, ba nisa da Hubbare, kuma sana'ar Kaka yin baka. Iccen dargaza yake sarowa daga dajin ƙetaren gulbi, ya jera a saman rumfa inda rana ba ta kaiwa, ya bar shi wata da watanni yana shan iska. Kaiton wanda ya taɓa masa. Innata ta taɓa zarar ɗaya za ta kaɗe kaji daga shanyar gero, ranar har maƙwabta sai da suka ji muryarsa. In icce ya bushe sai ya sassaƙe shi da gizago, ya bar tsakiya da kauri, bakin biyu su sirance. Ya gasa shi a kan garwashi, ya shafe da mai, ya tanƙwara a gwiwa kaɗan-kaɗan, gobe ma haka. Yayyena maza guntaye suke sacewa su yi nasu na harbin ƙadangaru. Ni kuwa in na gama surfe da ɗiban ruwa, ƙawayena na can suna carafke a ƙofar gida, sai ya kira ni in riƙe masa bakin jiƙaƙƙiyar fata yana murɗa tsirkiya, wato igiyar bakan. Warin fatar nan ko na wanke da toka sai ya bi ni aji, har 'yan ajinmu suka sa mini suna 'yar majema.

Kaka yana da doka guda wadda ba ya ɗaga wa kowa. Baka ba ya fita gidan sai shi da kansa ya ja tsirkiyarsa har kunne. Yakan ce, "In za shi karyewa, shi karye hannuna, ba hannun mai shi ba tsakar daji." Akwai tabo a goshinsa na wani baka da ya karye masa a hakan, kuma alfahari yake yi da shi.

Iccen da na tarar yana kankarewa na Malam Arzika ne, wani manomi daga ƙetaren gulbi da birai suka addabi gonarsa. Sai dai a shekarar kafaɗar Kaka ta dama ta sa shi gaba. Kakata na gasa masa da ruwan zafi safe da yamma, ko riga sai an taya shi sawa. Duk gidan mun sani, babu wanda ya isa ya faɗa.

Da dawa ta fara fitar da kai Malam Arzika ya zo karɓa. Kaka ya miƙe a tsakar zaure, ya yi bisimilla, ya ja. Tsirkiyar ta zo ƙirjinsa ta tsaya. Ya mayar a hankali, ya huta, ya sake ja, wannan karon ko ƙirjin bai kai ba. Malam Arzika ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ya isa haka nan. Bakan ga lahiya lau shike, ba ni in ja da kaina." Babana ma ya sa baki. Ni ina raɓe a bakin ƙofa, haushinsa nake ji da tausayinsa lokaci guda, ina cewa a raina wannan tsoho da taurin kai yake.

Kaka ya shiga ɗakinsa ya fito da wani baka da ya yi baƙi ƙirin don mai da shekaru, nasa na farauta tun yana saurayi. Ya miƙa wa Malam Arzika ya ce, "Wanga na ja shi ya hi a ƙirga. Tahi da shi." Sannan ya kwance tsirkiyar sabon, ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba, ya ce in kai ɗaki. Ya yi shekaru bayan nan yana zama a zauren yana jan carbi, amma bai sake ɗaukar gizago ba. Na yi kuka a bayan rumbu ranar, ban ma san wa nake yi wa ba.

Yanzu ina aure a unguwar Mabera. Zauren nan ya koma shagon cajin waya, bakunan da nake gani a kasuwa kuwa na ado ne, an shafa musu fenti, mai yin su bai taɓa ɗora musu kibiya ba. Da aka raba kayan Kaka, Allah ya jiƙansa, bakan nan kaɗai na roƙa, yana nan saman kabad ɗina. Kwanaki babban ɗana, ƙato ne mai ƙarfi, ya sauko da shi ya ce bari ya ɗaura masa igiya ya gwada. Na karɓe. Har yau ban sani ba ko mai kyau ne ko akwai tsaga a cikinsa. Wanda zai faɗa mana ya tafi, ni kuwa ba a hannun ɗana zan gano ba.