Zogalen Maigida da Gwangwanayen Tumatir

Lokacin da kuɗin fetur ya cika Libiya, maigidana yana cikin waɗanda suka baro Damagaram zuwa Sabha aikin gini. Daga baya ya aika muka biyo shi, ni da yaranmu biyu ƙanana, mace da namiji. Muka kama gida a unguwar Hajara, tsakar gidan kamar tafin hannu, da famfo a jikin bango.

A lungun tsakar gidan nan ya shuka zogale. Irin daga bishiyar gidan uwarsa ya ɗebo shi ranar da ya yi mata sallama, kuma ba su sake ganawa ba. Ƙwaya ɗaya ce ta tsiro. Saboda haka ban taɓa yi masa dariyar son bishiyar ba. Ban-ruwan nake yi wa dariya. Mutum ne da ya tashi yana jan guga har hannunsa ya yi kanta. Ga famfo yana zuba, amma da ɗan kofin shayi yake auna wa zogalen ruwa, kamar mai ba jinjiri magani. Bishiya ta tsaya tsayin gwiwa, ganye rawaya.

"Malam, abin nan ƙishi yake ji."

"Ke me kika sani? Zogale ɗan haƙuri ne. A gidanmu wa ya taɓa ba shi ruwa?"

"A gidanku ana damina. Nan yaushe rabonka da ganin hadari?"

Sai aiki ya kai shi Samnu, ginin tankin ruwa a wani lambu. Ya bar mini doka: kofi da safe, kofi da yamma, yara kuma kada su raɓe shi.

Yana tafiya iskar nan mai zafi da suke kira gibli ta taso. Yara suka fito da ƙurajen zufa, kuka ba dare ba rana. Maƙwabtanmu Larabawa sun saya wa nasu kwatarniyar roba ta wanka, nawa suna leƙe ta ƙofa. Ni ma fa 'yar rijiya ce, hannuna ba zai iya buɗe famfo don wasa ba. Sai na riƙa tara ruwan wankin shinkafa da na ɗaurayar ganye, wanda sabulu bai taɓa ba. Gwangwanin tumatir kuwa, a garin masu cin makaroni, ko'ina ka taka shi ne. Na wanke, na dasashe bakinsu da dutse, na huhhuda da ƙusa, na rataye a igiyar shanya. In na zuba ruwa sai yayyafi ya sauko. Tsohon silifa ya zama jirgi a cikin daro mai yoyo, guntun tiyo ya zama hancin giwa. Yaran da ba su san ruwan sama ba suna tsalle suna ihu.

Abin da ban lura ba, maginin nan nawa da hannunsa ya karkata daɓen gidan zuwa lungun zogale. Duk ruwan can yake gangarawa. Na tare da yashi, yarinyar ta fasa da ƙafa, wai kogi take yi. Ragowar ganyen suka zube ƙasa. In saiwar ta ruɓe, da wane baki zan gaya masa? Amma ƙurajen yara sun fara kwanciya, na ce sai dai ya dawo mu yi ta.

Wata rana da la'asar ya dawo, ya tarar da 'ya'yansa tsirara ƙarƙashin gwangwanaye, lungun ya zama taɓo.

"Innalillahi! Kin kashe mini shi!"

"Ka ajiye jaka tukuna, ka duba da idonka."

Ya tsuguna a cikin taɓon da wandonsa na fita. Sandar zogalen nan ta fitar da tsiro kore shar, tun daga gindi har sama. Ya daɗe yana shafa ganyen da yatsa, yaron yana tsiyaya masa ruwa a ƙeya da hancin giwa, bai ko motsa ba.

Can ya ce, "Ban gaya miki ɗan haƙuri ne ba?"

"Ka gaya mini, Malam."

Washegari ya shigo da ƙaton gwangwanin man zaitun daga wurin aiki, ya huda da kansa, wai hudata a karkace take. Ya rataye shi a ƙarshen igiya, daidai kan zogalen, ya ce don yara ne. Kofi ya koma aikinsa na shayi.

Ranar da na yi kwaɗon farko da ganyen, ya ci har ya suɗe kwano. Ya ce na Inna ya fi ƙuli. Na ga idonsa, sai na bar shi da wannan.