Ranar da Liman Ya Sha daga Kwalbar Giya

Man gyaɗa nake sayarwa a Argungu, kuma duk mai wannan sana'a ya san mudunmu kwalba ce. Kwalaben da suka fi ƙwari kuwa na giya ne. Akwai wani kulob a bayan gari mai lasisin sayar wa waɗanda ba Musulmi ba, daga can ake kawo mini wofintattu a buhu. In jiƙa su da toka da sabulu, in wanke, in kife su a rana, sannan in zuba mai in toshe da totuwar masara.

Wata Laraba da hantsi sai ga mota daga Birnin Kebbi a ƙofar gidanmu. Kwamitin da ke duba masu lasisin giya ne. Sun je kulob ɗin, sun tambayi inda kwalabe ke tafiya, aka nuna musu gidanmu. Suna zargin ana kawo mini da abin a ciki ina sayarwa a ɓoye. Ni! A gidan malamai, inda surukina ke limancin unguwa! Kafin in gyara mayafi, ƙofa ta cika da jama'a. Rufe sana'ar bai dame ni ba kamar sunana, domin in aka ce matar ɗan Liman na sayar da giya, ko ruwan kogin Rima ba zai wanke ni ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce wa shugabansu, "Yallaɓai, tunda kunka zaka, ku buɗe duk wadda kuka so. Nan waje, gaban mutane."

Suka yi ta zare totuwa suna shinshinawa. Mai, mai, mai. Har na fara murmushi, sai ɗayansu ya zaro wata kwalba daga bayan randa, ruwanta ja-ja, ga kumfa a wuya. Zuma ce da na ajiye don amfanin gida, zafin rumfar da randar take ya sa ta tashi. Na faɗa musu, amma ƙamshin ya ɗan yi tsami, suka dubi juna. Babu mai yarda ya ɗanɗana, kowa na tsoron kada ya kai haram bakinsa. Ni kuwa ko na sha, cewa za a yi mai kaya ce. Shugaban ya ce za su tafi da ita Birni a gwada. Na kuwa san kafin sakamako ya dawo, magana ta gama gari.

Sai ga surukina ya fito daga zaure yana dogara sanda. Aka buɗa masa hanya.

"Mi anka yi?" Aka gaya masa. Ya miƙa hannu. "Ba ni kwalbag ga."

Na ce, "Baba, bari su tahi da ita."

Bai ko dube ni ba. Bai shinshina ba, bai tambaye ni ko mece ce ba. Ya yi bisimilla da ƙarfi yadda na baya za su ji, ya kafa kai ya sha, ya share gemunsa.

"Abin da ɗiyata tac ce, shi na," in ji shi. "Wa ka biɗan gwaji kuma?"

Sai mata suka ɗauki guɗa daga bayan katanga. Shugaban ya cire hula ya durƙusa yana ba da haƙuri. Ni da na tsaya ƙyam tun hantsi ina zazzare ido, sai a lokacin na saki jiki. Na zauna a kan turmi na yi kuka mai isata, don daɗi.